Zauren Masu Karatu: Shonda Rhimes da matsayin marubuci a sana'ar fim

A fitowar da ta gabata mun ambaci sunan Shonda Rhimes a cikin jimla guda kawai, lokacin da muke bayani a kan waɗanda ke rubuta labarin fim amma ba a ganin fuskokinsu. Wannan jimla ta jawo wasiƙu masu yawa daga Yamai da Tawa, mun kuma zaɓi biyar daga cikinsu domin amsawa a wannan karo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni, ina shekara ta biyu a sashen adabi. Ni da ƙawayena muna kallon Grey's Anatomy a waya, wanda aka juya zuwa Faransanci, kuma kullum sai na ga sunan wannan mata a farkon shirin. Wace ce ita, kuma ta wace hanya ta kai wannan matsayi? Ina rubuta gajerun labarai, shi ya sa nake son in sani. Daga wata ɗaliba, unguwar Harobanda, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba da sa'ar karatu. An haifi Shonda Rhimes ranar 13 ga watan Janairu na 1970 a birnin Shikago na jihar Illinois, kuma ita ce auta a cikin ƴaƴa shida. Gidansu gidan karatu ne: mahaifinta ma'aikacin gudanarwa ne a jami'a, mahaifiyarta kuwa tana renon yara tana karatu har ta kai ga digirin dakta, ta kuma koyar a jami'a. Shonda ta gama digirinta na farko a Kwalejin Dartmouth a 1991, ta ɗan taɓa aiki a wani kamfanin tallace-tallace a San Faransisko, sannan ta koma Los Anjalas ta shiga makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda ta yi digiri na biyu a fannin rubuta labarin fim.

Abin da nake so ki lura da shi ya fi yawa a shekarun da suka biyo bayan karatun, domin su ne ba a cika ba da labarinsu ba. Ta fito da takardar shaida daga ɗaya daga cikin manyan makarantun fim na duniya, amma ba ta sami mai ɗaukarta aikin rubutu ba. Ta yi aikin ofis, ta kuma yi aiki a wata cibiya da ke koya wa marasa muhalli da masu taɓin hankali dabarun neman aiki. A 1995 ta jagoranci bincike a wani fim na tarihin ɗan wasa Hank Aaron. Ta sayar da wani labari da ba a taɓa ɗaukarsa ba, wanda abu ne da ke faruwa kullum a Holiwud, inda kamfani kan sayi labari ya ajiye shi a durowa har abada. A 1999 tana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin talabijin na tashar HBO a kan rayuwar Dorothy Dandridge, baƙar fata ta farko da aka taɓa sa sunanta a takarar Oscar ta babbar jaruma, kuma Halle Berry ta sami lambobin yabo da wannan fim. Daga nan ta rubuta Crossroads na 2002 domin mawaƙiya Britney Spears, fim ɗin da masu sharhi suka kushe amma ya kawo kuɗi, sai kuma kashi na biyu na The Princess Diaries a 2004. Duk waɗannan ayyukan haya ne. An ba ta ma'auni ta ɗinka riga daidai jikin mai ita, kuma a nan ta koyi cika alƙawari a kan lokaci da karɓar gyara daga waɗanda suka sa kuɗinsu.

A 2002 ta ɗauki riƙon wata jaririya, zaman reno ya tsare ta a gida, ta yi ta kallon talabijin. Ta sha faɗa cewa a lokacin ne ta gane cewa shiri mai dogon zango ya fi fim ɗin silima ba marubuci fili, domin a fim sa'a biyu kawai gare ka ka nuna halin mutum, a shiri kuwa kana iya bin sa shekara da shekaru yana girma, yana kuskure, yana sakewa. Gwajinta na farko a tashar ABC labarin mata ƴan jarida ne masu aiko da rahoto daga fagen yaƙi, tashar ta ƙi shi. Na biyun shi ne Grey's Anatomy, labarin sababbin likitoci masu koyon tiyata a wani asibiti na birnin Seattle, wanda aka fara nunawa ranar 27 ga watan Maris na 2005. An sako shi ne a tsakiyar shekara domin cike gurbi, zangonsa na farko kashi 9 ne kacal. Tana da shekara 35 a lokacin, shekara 14 ke nan da gama digirinta na farko. Shirin ya karɓu har ya sami lambar Golden Globe a 2007, a 2019 kuma ya zarce ER ya zama shirin asibiti mafi daɗewa a cikin shirye-shiryen dare na Amurka.

Game da rubutunki, ina ganin akwai abin da ke hannunki wanda wataƙila ba ki ɗauke shi da daraja ba. Matan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, waɗanda masu karatu ke damu da saƙo idan sun yi jinkirin kwana ɗaya, suna yin irin aikin da ake biyan marubutan talabijin dominsa, wato rufe kowane kashi a inda mai karatu ba zai iya haƙuri ba sai ya dawo. Abin da ya rage musu shi ne koyon tsarin takardar fim, wadda ƴan fim ɗin Yamai ke kira sinariyo, inda ba a rubuta abin da mutum ke tunani a zuci sai abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, kuma shafi ɗaya yakan yi daidai da minti ɗaya na kallo. Ki ɗauki gajeren labarinki guda ki mayar da shi shafi goma a wannan tsari, za ki ga inda ƙarfinki yake da inda ya rage miki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon tura finafinai a waya, kuma a fadarmu mun yi gardama har shayi ya huce. Wani ya ce Shonda Rhimes darakta ce, wani ya ce furodusa ce, ni kuma na ce marubuciya ce. Sannan wani ya ce ba ita ta rubuta Bridgerton ba duk da ana cewa nata ne. Ka raba mana gardama. Daga wani matashi, Tawa.

Amsa: Ƙanena, kai da mai cewa furodusa ce duk kun faɗi daidai, mai maganar Bridgerton ma ya faɗi gaskiya, mai cewa darakta ce kaɗai ya kauce. Tushen ruɗanin shi ne mun saba da tsarin fim ɗin silima, inda darakta ne mai faɗa a ji, marubuci kuwa yakan miƙa takardarsa ya koma gefe. A shirin talabijin na Amurka abin a juye yake, kuma dalilin haka lissafi ne.

A zamanin da Grey's Anatomy ya fara, babbar tasha takan buƙaci kashi 22 zuwa 24 a shekara, zangonsa na biyu ma har kashi 27 ya kai. Kowane kashi minti 42 ne ko 43, ragowar sa'ar ta talla ce, kuma ɗaukarsa yakan ci kwana takwas ko fiye. Ma'ana, a rana guda ana rubuta wani kashi, ana shirya wurin ɗaukar wani, ana ɗaukar wani, ana kuma tace wani a kwamfuta. Babu daraktan da zai iya tsayawa a wurare huɗu, saboda haka daraktoci kan zo ne su karɓi kashi ɗaya ko biyu su wuce. Mutum ɗaya tilo da ya san inda labarin ya fito da inda ya dosa shi ne babban marubuci, don haka aka ɗora masa ragamar komai: shi ke zaɓen jarumai, shi ke amincewa da sutura da waƙa, shi ke duba kasafin kuɗi, shi ke amsa kiran tasha idan ta ga abin da bai yi mata ba. Amurkawa suna da suna na musamman ga mai wannan kujera, wanda ma'anarsa mai tafiyar da shiri, amma a rubutun da ke fitowa a allo ana kiransa babban furodusa. Wannan ita ce kujerar da Shonda Rhimes ta hau a 2005, ba tare da ta taɓa riƙe irinta ba.

Ba ita kaɗai ke rubutun ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ɗakin marubuta, inda mutum takwas ko goma ko fiye ke zama kullum gaban allo suna yanka labarin zango gaba ɗaya, su raba shi kashi-kashi, kowane kashi su raba shi bisa wuraren da talla za ta shigo, sannan a ba mutum ɗaya ya je ya rubuta. Idan ya kawo, shugabar ɗakin ta bi shi da gyara har maganar kowane jarumi ta fito da irin muryar da masu kallo suka saba ji. Wannan ɗaki makaranta ce kuma, a nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Peter Nowalk, wanda ya ƙirƙiro How to Get Away with Murder a 2014, marubuci ne a ɗakin Grey's Anatomy. Chris Van Dusen, wanda ya tsara Bridgerton daga littattafan Julia Quinn, ya fara ne a matsayin mataimaki a wannan gida. Su ne suka ƙirƙiro shirye-shiryen, kamfaninta mai suna Shondaland ya ɗauki nauyin shiryawa, ita da abokiyar aikinta Betsy Beers suna manyan furodusoshi. Kamar babban tela ne da yaransa suka ƙware, suna ɗinki da hannunsu amma sunan shagon ne ke jawo masu kawo yadi.

Waɗanda ta ƙirƙiro da kanta su ne Grey's Anatomy, da Private Practice da ya gudana daga 2007 zuwa 2013, da Scandal daga 2012 zuwa 2018, sai Inventing Anna a 2022 da Queen Charlotte a 2023. A 2014 tashar ABC ta ba kamfaninta daren Alhamis gaba ɗaya, shiri uku a jere, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sa'o'in dare suka fi kowane lokaci tsadar talla. Tun 2017 kuma ta miƙa tafiyar da Grey's Anatomy na yau da kullum ga wasu, farawa da Krista Vernoff, ko da yake sunanta yana nan a matsayin wadda ta ƙirƙiro shi.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Shin wannan mata ta yi karatun likita ne? Wasu abubuwan da suke nunawa daidai ne, wasu kuwa ba haka ake yi ba. Daga wata malamar asibiti, unguwar Yantala, Yamai.

Amsa: Malama, ba ta yi karatun likita ba. Ta dai yi aikin sa-kai a asibiti tana makarantar sakandare, sha'awar ta samo asali daga nan. Ilimin likitancin yana shigowa ne ta hannun likitocin da aka ɗauka cikin ma'aikatan shirin, irin su Zoanne Clack, likitar ɗakin gaggawa da ta shiga ɗakin marubutan tun farko. Sunan shirin ma wasa ne da sunan wani tsohon littafin sassan jikin ɗan Adam na Henry Gray da aka fara bugawa a 1858. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma babban misalinsa ya shafi sana'arki: ana nuna likitocin tiyata suna yin ayyukan da a zahiri ma'aikatan jinya ke yi, saboda labarin yana son jarumansa su kasance kusa da gadon mara lafiya a kowane lokaci. Wannan rage darajar aikinku ne, kuma ma'aikatan jinya a Amurka ma sun yi ƙorafi a kansa. Idan wata rana wani marubuci na nan gida ya zo neman labarin asibiti, ina fatan ki ba shi lokaci, ki kuma nuna masa wanda ke kwana a kan mara lafiya.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma ban ji daɗin yadda kuke ɗaukaka wannan mata ba. Na ga kaɗan daga abin da jikokina ke kallo, cike yake da abubuwan da suka saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu. Me ya sa mujallar Hausa za ta ɓata shafi a kanta? Daga wani dattijo, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban musa abin da idonka ya gani ba. A cikin waɗannan shirye-shirye akwai mu'amala tsakanin maza da mata ba tare da aure ba, akwai shaye-shaye, akwai tsiraici, musamman a waɗanda aka yi wa Netflix inda dokokin tashoshin gida ba su aiki. An yi su ne domin manyan mutane na wata al'umma mai nata ma'aunin, ba domin yaran Adar ba, kuma uban da ya hana ɗansa kallonsu yana kan haƙƙinsa. Ni kaina ba zan zaunar da ƙananan yara gabansu ba.

Dalilin da ya sa muke magana a kanta shi ne sana'ar, da kuma wani abu da ta yi da sana'ar wanda ya shafe mu. Ta tashi a ƙasar da baƙar fata kan fito a talabijin a matsayin ɗan aike ko mai laifi ko abokin jarumi. Da ta rubuta Grey's Anatomy ba ta ƙayyade launin fatar yawancin mutanen labarin ba, ta ce a kira kowa gwaji. Likitar nan mai tsanani da ke horar da sababbi, wadda da farko aka zana ta a matsayin ƴar ƙaramar Baturiya, Chandra Wilson ce ta sami matsayin, baƙar mace. Da Scandal ya fito a 2012 da Kerry Washington, shi ne karo na farko tun 1974 da baƙar mace ta ja ragamar irin wannan shiri a babbar tashar Amurka. A 2015 Viola Davis ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓi lambar Emmy ta babbar jaruma a wannan rukuni, da shirin da kamfanin Shonda ya shirya. Ba da wa'azi ta cim ma wannan ba, sai da ta zama mai riƙe da alƙalami da kasafin kuɗi sannan ta sami ikon cewa ga wanda za a nuna.

Damuwarka kuwa, Baba, wani ɗan ƙasar nan da ya zauna a garinku ya riga mu nuna ta. Marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa yana zane da gwaje-gwajen fim. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka shiga kwaikwayon abin da suka gani a silima har suka tayar da hankalin gari. Ya ga illar fim ɗin waje tun kafin a haifi iyayen jikokinka, kuma maganin da ya zaɓa shi ne ya ɗauki kyamara ya yi nasa. Haka ma Oumarou Ganda, wanda ya fara da fitowa a fim ɗin Bafaranshen nan mai shirya fim Jean Rouch, ya koma rubuta nasa labaran, har Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar farko ta FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Nijar ce ta fara ɗaukar wannan kofi a duk Afirka. Yaran da ke riƙe da waya a yau za su kalli wani abu ko mun so ko mun ƙi, kuma abin da ke sa su manne wa na waje shi ne an gina labarin da gwaninta. Idan muna son su kalli labarin Sarauniya Mangu ko na fataken Azbin ko na gidan malam mai almajirai da irin wannan ɗoki, sai mun sami marubutan da suka san yadda ake wannan gini, kuma sanin ba ya samuwa sai an duba aikin waɗanda suka iya.

Tambaya: Malam, ina cikin baƙin ciki. Na rubuta labari a littafin makaranta na ba wani mai shirya fim ya duba, ya ce zai neme ni. Bayan wata takwas sai na ga fim ɗin ya fito a YouTube, an sauya sunayen mutane kawai, babu sunana kuma ko dala ban samu ba. Na ji an ce Shonda Rhimes ta zama attajira da rubutu. Yaya suke yi a can da ba a cinye musu haƙƙi? Daga wani marubuci, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Na san zafin abin, domin shekarun baya na rubuta wasan kwaikwayo na rediyo kashi goma sha biyu, aka watsa shi aka maimaita, ba a taɓa faɗin sunana ba, kuma ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tsohon ciwo ne a wannan sana'a.

Zan fara da abin da zai ba ka mamaki: Grey's Anatomy ba mallakar Shonda Rhimes ba ne. Mallakar kamfanin Disney ne, mai tashar ABC. A dokar Amurka, abin da marubuci ya rubuta bisa haya kamfanin da ya biya shi ne mai shi. Abin da ke kare marubuta a can ƙungiyarsu ce, wadda tushenta ya faro a 1933, da yarjejeniyar da ta ɗaure kamfanoni da ita. Yarjejeniyar ta yanke mafi ƙarancin kuɗin da za a biya a kan kowane irin rubutu, ta wajabta a sake biyan marubuci wani kaso idan an maimaita shirin ko an sayar da shi waje, ta kuma ba ƙungiyar ikon yanke hukunci a kan sunan da za a rubuta a allo idan an yi jayayya. Sun tsananta a kan wannan har ta kai idan ka ga alamar & tsakanin sunaye biyu, to tare suka rubuta, idan kuma kalmar Turanci "and" ce aka rubuta a tsakani, to ɗaya ya rubuta ɗayan ya zo daga baya ya gyara. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai ƙirƙiro shiri yana samun kuɗi a kan kowane sabon kashi muddin shirin yana gudana, ko da ya daina zuwa ɗakin marubuta.

Ba kyauta aka ba su wannan ba. Yajin aikin 1960 ne ya samo musu asusun fansho da na lafiya. Na watan Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008 ya ɗauki kwana 100 a kan kuɗin abin da ake nunawa ta intanet, shi ya sa zango na huɗu na Grey's Anatomy ya tsaya a kashi 17. Na 2023 ya kai kwana 148, daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, marubuta fiye da 11,000 suka ajiye alƙalami a kan yawan mutanen da za a ɗauka a ɗakin marubuta, da kasonsu daga kamfanoni irin su Netflix, da kuma hana a mayar da rubutun na'ura a madadin na mutum. Dukiyar Shonda kuwa ta fito ne daga kujerar furodusa da kuma kwangilar da ke ɗaure ta da kamfani guda na wasu shekaru. A watan Agusta na 2017 ta bar ABC ta koma Netflix, a kan kuɗin da jaridun Amurka suka ruwaito ya kai dalar Amurka miliyan 100 ko fiye. Da Bridgerton ya fito ranar 25 ga Disamba 2020, Netflix ta ce gidaje miliyan 82 suka kalle shi a cikin kwana 28 na farko. Sai dai irinta ƴan ƙalilan ne, yawancin marubutan can suna rayuwa ne daga wannan kwangila zuwa waccan, da watannin zaman jira a tsakani.

A nan gida ba mu da ƙungiya mai irin wannan ƙarfi, amma a takarda dokarmu ta fi tasu tausayin marubuci, domin ta biyo tsarin Faransa inda haƙƙin a ambaci sunanka a kan aikinka ba ya sayuwa kuma ba ya faɗuwa, ko da ka sayar da izinin ɗaukar labarin. Akwai dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2010, akwai hukumar BNDA a nan Yamai mai kula da haƙƙin mawallafa, kuma Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne doka ba ta kare tunanin da ke cikin kai, labarin da aka ba da a baki wurin shan shayi kuma yana da wuyar tabbatarwa, abin da aka rubuta shi ne shaida. Saboda haka nan gaba, kafin labarinka ya bar hannunka, ka buga shi a kwamfuta, ka sa kwanan wata, ka kai kwafi BNDA a yi masa rajista ka karɓi shaida. Idan mai shirya fim ya nuna yana so, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a faɗi nawa za a biya da ranar biya, a faɗi yadda sunanka zai fito a farkon fim, a faɗi ko izinin na fim ɗaya ne ko har da ci gabansa, a faɗi kasonka idan tashar talabijin ta saya ko YouTube ya kawo kuɗi, sannan a sa wa'adin da labarin zai dawo hannunka idan ba a ɗauka ba. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda ya ce rubuta takarda rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ne da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Dangane da fim ɗin da ya riga ya fito, kada ka fara da zagi a Facebook, domin hakan na iya mayar da kai wanda ake ƙara. Ka tattara abin da ke hannunka: littafin idan an mayar maka da shi, ko daftarin farko, da saƙonnin waya da kuka yi musaya, da mutanen da suka karanta labarin kafin ka miƙa shi. Ka zauna ka kalli fim ɗin da alƙalami, ka rubuta a jere wuraren da ya yi daidai da naka, da mintin da kowanne ya faɗo. Da wannan a hannu, ka nemi wani babba a cikin ƴan fim da ku biyun kuke jin nauyinsa, ka gabatar da buƙata biyu a fili, wato a saka sunanka a fim ɗin da bayanin da ke ƙarƙashinsa a YouTube, a kuma biya ka abin da aka saba biyan marubuci. Idan ya ƙi, sai ka ɗauki takardun nan ka tafi BNDA ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka kuma nemi a ba ka shaidar karɓa mai ɗauke da kwanan wata.